Matakala Ɗari da Sittin da Biyu

Gidanmu na kan tudu, can saman Valparaíso,
matakala ɗari da sittin da biyu daga bakin titi.
Na ƙirga su ranar da muka tare,
Baltasar da katifa a ka, ni da tukwane biyu.
Shekara biyar ke nan, ban daina ƙirgawa ba.
Lissafi ya zame mini jiki.

Daren Lahadi muke buɗe littafin,
irin na 'yan firamare, mai koren bango.
A ciki akwai kuɗin karatuna na jinya,
karatun da na gama shekara tara da suka wuce
amma shi bai gama da ni ba.
Akwai injin kwalekwalen da Baltasar ya saya
a watan da teku ya yi fushi da kowa.
Akwai haƙoran mahaifiyarsa.
Biyar ga wata banki ke gaishe mu,
tun kafin mu wanke ido.

A asibiti jariran wasu nake karɓa.
In goge, in auna, in rubuta nauyi,
in miƙa wa uwa,
in wanke hannu.
Na iya wanke hannu sosai.

Ya ce, Ximena, bari injin ya biya kansa,
shekara uku kawai.
Na ce, talatin da shida nake.
Ya yi shiru yana tara ɓurɓushin burodi da gefen hannu.
Banki na ƙara wa'adi in ka yarda da kuɗin ruwa,
ban san ofishin da zan kai jikina
a ƙara masa ba.

Kakata Eduvigis ta haifi bakwai a ɗaki guda
a gindin tudun nan, kwanon rufi na yoyo.
In na kai mata magani takan riƙe mini hannu
ta ce bashi hanji ne, yana cikin kowa,
wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci.
Ina sumbatar goshinta, ba na musu.
Sai dai na san ta uku cikin bakwai ɗin,
uwata,
da aka cire daga aji tana da sha biyu
ta tafi wankin rigunan matuƙan jirgi.
Ba a rubuta wannan a littafin kowa ba
amma an biya,
kuma na san hannuwan da suka biya.

Shi ne abin da ke hana ni barci.
Ba na son in haifi wanda zai buɗe ido
ya tarar an riga an ci rabonsa.
Ba na kuma son in tsufa da takardar banki mai hatimi,
an biya duka, babu saura,
a gidan da babu mai zubar da shayi a kan tabarma.

Shekaranjiya na dawo daga aikin dare
na iske shi durƙushe a lungun taga
da igiyar awo da yake gwada raga.
Ya miƙe da sauri, wai yana neman ƙusa.
Ban tambaya ba. Shi ma bai ƙara ba.
Amma ranar Lahadi da ya ja layi ƙarƙashin jimla
ya bar shafi guda bai rubuta komai ba,
ya tsallake zuwa na gaba.

Ba mu yanke shawara ba.
Ko mun yanke, babu wanda ya furta.

Yau na sayi dankali a kasuwar ƙasa,
mai shago ya ɗora a sikeli, kilo uku da rabi.
Na san wannan nauyin, kullum ina rubuta shi.
Ledar ta yage tun a mataki na goma,
sai na rungume shi a ƙirji
na ci gaba da hawa a hankali,
iskar teku na ture mini gashi,
jiragen dakon kaya na kuka a baya.
Sai da na ga ƙofarmu shuɗiya
na lura ban san inda ƙirgen ya tsaya ba.